Bayahude da Ba'al'umme a Ajin Makarantar Lahadi

Yaron da ya taso a makarantar Lahadi yakan ji labarin Yahudawa ta fuskoki biyu masu karo da juna, kuma ba kasafai ake zama a daidaita masa su ba. A yawancin watannin shekara muna ba shi labarin Musa da Joshuwa da Dawuda, inda Isra'ila ce jama'ar Allah, Masarawa da Kan'aniyawa da Filistiyawa kuwa abokan gaba ne da ake jiran faɗuwarsu. Da bikin Ista ya gabato sai labari ya sha bamban, ya ji cewa mutanen Urushalima sun tsaya gaban Bilatus, gwamnan Roma, suna ihu a gicciye Yesu. Idan aka bar yaro ya haɗa waɗannan da kansa, abin da zai fahimta shi ne Allah yana da 'yan lele, kuma yakan sauya su, wato da Yahudawa ne, yanzu kuma mu ne. Wannan fahimta kuskure ce babba, kuma ina ganin gyara ta yana cikin ayyuka mafi nauyi da ke kan malamin yara da iyaye, domin yaron da ya yarda Allah yana fifita wata kabila zai girma yana neman kabilar da zai raina.

Wurin farawa shi ne Littafin Farawa. Sura ta 1 ta ce an halicci mutum cikin kamannin Allah tun babu Bayahude, babu Bamisre, babu kowace kabila. Sa'ad da Allah ya kira Ibrahim a sura ta 12, alkawarin da ya yi masa ya ƙare ne da cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka, kuma wannan kashi na ƙarshe ne muka fi yawan tsallakewa idan muna sauri. Maimaitawar Shari'a sura ta 7 ta ƙara da cewa ba don yawansu aka zaɓi Isra'ila ba, gama su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Yara suna iya gane cewa an zaɓi gida ɗaya ne domin a ba shi saƙo ya kai wa sauran gidaje. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa musu baro-baro tun da wuri, wato cewa su kansu Al'ummai ne, sunan da Littafi Mai Tsarki yake kiran duk waɗanda ba Yahudawa ba. Yaro yakan ɗauka shi ɗan Isra'ila ne a kowane labari, yana gefen Dawuda, ba ya gefen Goliyat, saboda haka yakan yi mamaki ƙwarai idan aka ce masa da shi da malaminsa da fasto duk suna cikin waɗanda Bulus ya ce da suna nesa, sa'an nan aka kawo su kusa.

Labarin da na ga ya fi shiga zuciyar yara a kan wannan batu shi ne na Bitrus da Karniliyus, a Ayyukan Manzanni sura ta 10, kuma ya cancanci a ba shi makonni, kada a cusa shi cikin rabin awa. Karniliyus hafsan sojan Roma ne mai shugabancin dakaru ɗari, yana zaune a Kaisariya, birnin bakin teku inda gwamnan Roma yake da fadarsa. A idon Bayahude na lokacin, wannan mutum wakilin 'yan mulkin mallaka ne, mai kakin da ke karɓar haraji yana gicciye masu tawaye. Duk da haka Luka, marubucin littafin, ya gabatar da shi a matsayin mai tsoron Allah, mai yawan sadaka, mai naciya da addu'a, kuma mala'ikan da ya zo masa da misalin ƙarfe uku na yamma ya shaida masa cewa addu'o'insa da sadakarsa sun kai gaban Allah. Yana da kyau a tsaya a nan a tambayi yara: kafin Bitrus ya iso, kafin a yi wa mutumin nan baftisma, Allah yana jin muryarsa ko ba ya ji? Amsar tana rubuce a fili, kuma su da kansu suke ganinta.

Kashegari da tsakar rana Bitrus yana kan soron gidan Saminu majemi a Yafa, tafiyar kusan kilomita 50 daga Kaisariya, yana addu'a, yunwa tana cinsa, ana kuma shirya abinci a ƙasa. Sai ya ga wani abu kamar babban mayafi ana sauko da shi ta kusurwa huɗu, cike da dabbobi da masu jan ciki da tsuntsaye, aka ce masa ya yanka ya ci. Ya ƙi, domin tun da yake bai taɓa sa abin da Shari'a ta haramta a bakinsa ba. Har sau uku aka gaya masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake marar tsarki. Yaranmu sun san ma'anar haramcin abinci, sun san gidajen da ba a cin wani nama, sun kuma ga yadda ake ware wa wani kwanonsa dabam, don haka ba sa shan wahalar gane tashin hankalin da Bitrus ya shiga. Abin da ya kamata malami ya kiyaye shi ne kada darasin ya tsaya a kan nama, gama Bitrus da bakinsa ya fassara wahayin sa'ad da ya shiga gidan Karniliyus, ya ce Allah ya nuna masa kada ya kira kowane mutum ƙazantacce. Mutum uku da Karniliyus ya aiko su kira shi sun kwana a masaukinsa, ya bi su tare da 'yan'uwa shida, ya ƙetare bakin ƙofar da al'adarsa ta hana shi ƙetarewa, ya ɗaga maigidan da ya faɗi a gabansa yana ce masa shi ma mutum ne, sa'an nan ya furta cewa yanzu ya tabbata Allah ba ya tara. Yana cikin magana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa masu sauraro, Yahudawan da suka rako shi kuwa suka cika da mamaki. Ina son a karanta wa yara farkon sura ta 11 ma, inda 'yan'uwa a Urushalima suka tuhume shi da cewa ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci da su, domin su san cewa mai ƙetare irin wannan iyaka yakan sha tambaya daga mutanensa.

Akwai wata hanya mai sauƙi da nake bi idan mun zo kan Afisawa sura ta 2, inda Bulus ya ce Almasihu ya rushe katangar gaba da ke tsakani. A Haikalin Urushalima na wancan zamani akwai shingen dutse da ya raba farfajiyar Al'ummai da ta ciki, an kuma kafa alluna masu gargaɗi cewa baƙon da ya wuce shingen, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. An gano ɗaya daga cikin allunan a shekarar 1871, rubuce da Helenanci, yana ajiye yanzu a gidan tarihi a Istanbul. Nakan ɗaura igiya daga wannan benci zuwa wancan, in bar 'yan kaɗan a gefen allo inda hotuna suke, sauran kuma a baya. Ba a jimawa sai na baya su fara ɗaga wuya suna gunaguni. Wata rana wata ƙaramar yarinya da ke baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu laifin me muka yi?" Na ce mata babu. Ta ce, "To a kwance igiyar mana." Na miƙa wa wani yaro daga cikin na gaba bakin igiyar na ce shi zai kwance, domin in nuna musu cewa bisharar ta iso mana ne ta hannun Yahudawa irin su Bitrus da Bulus da Filibus.

Tsohon Alkawari ma cike yake da wannan koyarwa, muddin za a ba da labaran har ƙarshensu. Kusan kowane yaro ya san kifi ya haɗiye Yunusa, amma kaɗan ne aka kai su sura ta 4, inda annabin ya yi fushi don Allah ya ji tausayin Nineba, babban birnin Assuriyawa, wanda kufansa yake kusa da Mosul a ƙasar Iraƙi ta yau. Yunusa ya faɗi dalilin gudunsa, ya ce ya san Allah mai alheri ne mai jinƙai, yana tsoron zai yafe wa abokan gaba. Littafin ya rufe da tambayar da Allah ya yi masa a kan mutane fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, har da dabbobinsu. Daga tashar jirgin ruwan Yafa ɗin nan Yunusa ya tsere don kada ya je wurin Al'ummai, daga can kuma Bitrus ya tashi ya tafi, kuma yara sukan ji daɗin gano wannan a taswira. Haka labarin Na'aman, shugaban sojojin Suriya, wanda wata 'yar Isra'ila da aka kamo a hari ta nuna masa inda zai sami warkewa daga kuturta, da na Rut Bamowabiya wadda ta zama kakar kakannin Yesu ta wurin Dawuda. Sa'ad da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat labarin Na'aman da na gwauruwar Zarefat, a Luka sura ta 4, sun fusata har suka nemi jefa shi daga kan dutse.

Ɗaya ɓangaren darasin, wanda nake ganin mun fi sakaci da shi, shi ne cewa shigowar Al'ummai ba ta nufin an kori Yahudawa. Dole a yi hattara da yadda ake ba da labarin gicciye. Yesu Bayahude ne, Maryamu Bayahudiya ce, manzanni goma sha biyu Yahudawa ne, haka yawancin mutum wajen 3,000 da suka ba da gaskiya a ranar Fentikos. Waɗanda suka kitsa kama shi wasu shugabanni ne, wanda ya yanke hukunci gwamnan Roma ne, waɗanda suka buga ƙusoshi kuma sojojin Roma ne, bangaskiyarmu kuwa tana cewa saboda zunubin dukanmu ya mutu. A Romawa sura ta 11 Bulus ya tambaya ko Allah ya yi watsi da jama'arsa, ya amsa da cewa sam, gama shi ma Ba'isra'ile ne daga kabilar Biliyaminu. Ya kwatanta Al'ummai da reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin zaitun na gida. Yaran da suka ga yadda ake yi wa mangwaro aure a lambu suna gane wannan nan da nan, har su lura cewa mai lambu reshe mai kyau yake ɗaurawa a kan gama-gari, a nan kuwa akasin haka aka yi, saboda haka Bulus ya gargaɗe mu kada mu yi fariya, tun da saiwar ce take ɗauke da mu. Tarihi ya nuna inda sakaci da wannan yake kaiwa. Ƙarnuka da dama ana zargin Yahudawan Turai da kisan Almasihu, ana korarsu daga gari zuwa gari, kuma wannan tsohuwar ƙiyayya tana cikin abubuwan da suka share fage ga kisan Yahudawa kimanin miliyan 6 a zamanin Hitler. A shekarar 1965 Cocin Katolika ya fito fili ya ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawa ba, na da ko na yanzu. Idan na ji yaro ya zagi ɗan'uwansa da "Bayahude" don ya hana shi abu, ba na barin maganar ta wuce, nakan kira shi in tambaye shi ko ya san kabilar Ubangijin da yake yi wa waƙa.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, waɗanda suke koya wa yara kamar Bayahude yana da wani matsayi a gaban Allah da ya fi na sauran mutane, har su gauraya wannan da siyasar Gabas ta Tsakiya. Romawa 10:12 ta ce babu bambanci tsakanin Bayahude da Baheleni, Ubangiji ɗaya ne na kowa. Yaranmu suna ganin hotunan yaƙi a wayoyin iyayensu, kuma suna tambaya. Ba aikin malamin makarantar Lahadi ba ne ya raba gardamar iyakar ƙasa, amma aikinsa ne ya ce yaron da aka kashe a Isra'ila da yaron da aka kashe a Gaza duk an halicce su cikin kamannin Allah, ya kuma sa a yi addu'a domin iyayensu duka. Yana da amfani su san cewa akwai Larabawa Kirista a Baitalami da Nazarat har wa yau.

Darasin zai zama labarin wata ƙasa mai nisa idan ba a kawo shi unguwarmu ba. A ikkilisiyoyinmu na Arewa, Birom da Bajju da Tangale da Bura da Hausawa suna zama a benci ɗaya suna waƙa da Hausa, amma yara suna jin abin da manya ke faɗa idan lokacin zaɓen dattawa ya zo, ko idan wani ya kawo yarinyar wata kabila ya ce ita zai aura. Ikkilisiyar farko ma ta fuskanci irin wannan a Ayyukan Manzanni sura ta 6, da aka riƙa tsallake gwauraye mata masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su share ƙorafin ba, aka zaɓi mutum bakwai waɗanda dukansu sunayen Helenanci ne da su. Haka kuma batun maƙwabtanmu Musulmi. Koya wa yaro ya riƙe bangaskiyarsa da ƙarfi bai hana a koya masa cewa almajirin da ke tsaye a ƙofa da roba mutum ne mai daraja a gaban Allah ba, kuma yadda uwa ta miƙa masa abincin, da fuskar da ta yi, su ne yaro zai kwaikwaya.

Ga manyan yara, waɗanda suka kusa shiga ajin baftisma, nakan ƙara da Galatiyawa sura ta 2. Bitrus ɗin nan da ya ga wahayi, ya shiga gidan Karniliyus, ya je Antakiya yana cin abinci da Al'ummai, amma da wasu suka iso daga Urushalima sai ya janye jiki saboda tsoronsu, har Barnaba ya bi sahunsa, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa. Nakan ce su rubuta a takarda, ba tare da sun nuna wa kowa ba, wanda suke jin kunyar a gan su tare da shi a makaranta idan abokansu suna kallo, sa'an nan mu yi addu'a a kan takardun, kowa ya tafi da tasa gida.