Na tashi yin yogot da madarar shanu, na ƙare a kan buhun madarar gari

Bara war haka ina nan ina ta cika baki a gida wai ni yogot ɗin da zan fara saidawa ba irin na kowa ba ne, madarar shanu zalla, daga ruga sai roba. Har takardar mannawa na sa aka buga min da hoton saniya a jiki. Yau in ka shigo ɗakin da nake aikin abin da za ka fara cin karo da shi buhun madarar gari ne mai kilo 25 jingine da bango, saniyar kuma tana nan a jikin roba tana kallon jama'a. Ƙanwata har yau in ta shigo sai ta ce Yaya ina kwana, ya saniyar taki ta cikin buhu.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono tun ina firamare, Inna muke ce mata, rugarsu na can bayan Zariya ta wajen hanyar Giwa. Da ita na ƙulla. A watan Agusta muka fara, damina ta zauna ciyawa ko'ina, kullum da safe jikanta zai ɗauro jarka a babur ya kawo min, wata rana ma har da ƙari ban tambaya ba saboda madarar ta yi musu yawa, ita kanta in ta kai kasuwa sai ta tarar kowace mace da ƙwaryarta a cike, mai saye na yanga. Ni kuwa sai na ɗauka haka abin yake shekara zagaye.

Da aka shiga Disamba jarka ta fara zuwa rabi. Wajen Fabrairu sai a yi kwana biyu ban ga yaron ba, ga shi kuma lokacin ne aka doshi zafi, azumi na ƙaratowa, lokacin da kowa ke neman abu mai sanyi, waya ta dame ni da oda. Na shirya na je rugar da kaina. Shanun da na sani sun fi hamsin, na tarar da 'yan ƙalilan a ɗaure duk haƙarƙari a waje. Na ce Inna ina shanun? Ta ce 'yar nan sun yi kudu neman ciyawa da ruwa tun bayan girbi, waɗannan na bari ne saboda yara. Na ce to ko ɗan abin da ake samu a riƙa tara min. Sai ta yi dariya ta nuna min wani maraƙi ta ce, in na tatse uwar tas na ba ki, wannan ya sha me? Shi ne dukiyar, nono riba ce kawai.

Wannan maganar ta Inna ta fi duk wani bayani da na taɓa ji. Shanunmu, Bunaji farare ɗin nan da Bokolo da Rahaji, ba don madara aka raine su ba tun asali, shanu ne masu jure tafiya da ƙishirwa da cuta, kuma a hannun makiyayi su ne banki. Abin da ake tatsa a jikin saniya ɗaya a rana lita ɗaya ne zuwa biyu in an yi sa'a, da rani ko hakan ba a samu. Saniyar Turai irin baƙa da farin nan da ake kira Holistin tana ba da lita 25 ko 30 a rana ba tare da an yi mamaki ba, amma fa tana tsaye wuri ɗaya ana kawo mata abinci da ruwa, ga likita, ga inuwa, in ka kawo ta Zariya ka sake ta a rana ta bi burtali ba za ta kai ko'ina ba. Shi ya sa muna da shanu wajen miliyan 20 a Najeriya amma madarar da muke samarwa ba ta kai rabin abin da muke sha ba, kuɗin da hukumomi ke yawan ambata na shigo da madara daga waje kusan dala biliyan ɗaya da rabi ne duk shekara.

Sai kuma maganar farashi, nan ne na gane ashe Inna alfarma take min. Ita in ta tatsa ba ɗanya take saidawa ba. Ta dafa ta zuba tsohon nono ta rufe da faifai ya kwana ya zama kindirmo, wani ta kaɗa ta cire man shanu ta saida daban, tsalar da ta rage ta dama da fura ta saida ludayi ludayi, wato ƙwarya ɗaya kaya biyu ko uku ke fita a ciki kuma kuɗin a hannunta suke faɗawa a ranar, da su take sayen gishiri da manja da sabulu da kayan ɗakin 'ya'yanta mata. A ruga shanu na maza ne amma nono na mata ne. To ka zo ka ce ta ba ka ɗanyar madara a farashin lita, sau da yawa ma ɗanta ko mijinta ne zai kai ya karɓo kuɗin, me ta ci? Duk mai son kafa wurin tara madara a ƙasar nan da bai fahimci wannan ba zai sayi tanki ya zauna yana kallonsa.

Ban ma yi maganar lalacewa ba. Ɗanyar madara a zafinmu awa uku zuwa huɗu in ba a sanyaya ta ba ta fara juyawa. Ran nan babur ya yi faci a hanya, yaron bai iso ba sai wajen azahar, ina ɗorawa a wuta ta tsinke, ranar kuka ne kawai ban yi ba. Wata rana kuma madarar ta iso lafiya wuta ce babu kwana biyu, man janareto ya cinye ribar sati. Kindirmon da muke rainawa ashe dabara ce ta mutanen da ba su da firji, tsami ne ke riƙe shi.

To yanzu ka ajiye wannan gefe ka dubi buhu. Kilo ɗaya na madarar gari yana ba da wajen lita takwas, buhu ɗaya kusan lita 200 kenan, ba ya buƙatar firji, ba ruwansa da rani ko damina, ɗanɗanon yau shi ne na gobe. Kuma yawancin mai arhar nan da ke kasuwa ba cikakkiyar madara ba ce, a can Turai an cire man shanun an saida shi da tsada, sai a mayar da gurbinsa da man kwakwar manja a busar a turo mana. Tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a 2015 madara ta yi musu yawa, Afirka ta Yamma ta zama kasuwa, harajin shigo da irin wannan buhun a ƙasashen ECOWAS kuma kashi 5 cikin ɗari ne kacal. Saniyar Inna da wannan take takara. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, da rani wasu masu tallan nonon kansu garin suke saya su kwaɓa su sa masa tsami su zuba a ƙwarya, kai kana sha kana cewa ai na ruga daban ne.

Gwamnati ta taɓa gwada matsawa. A Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita samun dalar shigo da madara ga kamfanoni shida da suka amince za su zuba jari a kiwo a cikin gida, irin su FrieslandCampina WAMCO masu Peak da Arla masu Dano da Nestle, daga baya a 2024 aka janye dokar, a shekarar ne kuma aka kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya. Arla sun buɗe gona a Damau nan jihar Kaduna, a Kano kuma kamfanin madara na L&Z sun daɗe suna karɓar madara a hannun Fulani. Ana motsi dai. Amma ni abin da ya tsaya min a rai labarin Indiya ne, don su ma ba da manyan gonaki suka fara ba. A garin Anand na jihar Gujarat ƙananan masu kiwo suka haɗa ƙungiya a 1946, ita ce ta zama Amul, babban kamfanin madarar Indiya, mace mai bauna ɗaya ko biyu za ta kai 'yar madararta wurin tarawa na ƙauye safe da yamma a auna maiƙonta a biya ta. Lokacin da madara ta yi yawa sai masana'antarsu ta busar da rarar ta zama gari a ajiye wa lokacin ƙaranci, wato dai matsalar daminarmu da raninmu sak. A 1970 suka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin Verghese Kurien, shugaban hukumar bunƙasa madara ta ƙasar, har da kuɗin madarar garin da Turai ta ba su kyauta suka saida suka gina nasu, kafin ƙarshen shekarun 1990 sun wuce Amurka a yawan madara. Mu kuma rarar damina a nan sai dai a karyar da ita a kasuwa.

Ni dai a ɗan ƙaramin matakina abin da na iya yi shi ne na raba shekarar biyu. Daga Yuli zuwa Nuwamba madarar Inna, kuma na daina yi mata farashin lita, muna lissafin abin da za ta samu da ta yi kindirmo ta cire mai ne na biya hakan, a hannunta ba a hannun jikan ba. Robar ta fi tsada kuma ina faɗa wa kwastoma dalili, wasu su saya wasu su ce Hajiya ba ni na kullum. Sauran watannin buhu ne, kuma yanzu na sa a buga min wata takardar daban wadda ba saniya. Satin da ya wuce na kai mata buhun dusa biyu da harawar wake in ga ko shanun da ke gida za su ɗan ƙara ko da rabin lita ne, ta duba ta ce 'yar nan dusa kam an gode, amma rijiyar ce ta kusa ƙafewa.