Kaduna da aka zana a takarda, da wadda ta tsiro da kanta

Jiya bayan ruwan sama na taso daga Unguwar Rimi zuwa Rigasa gaishe da gwaggona. A can tituna masu faɗi da inuwar bishiyoyi, a nan kuwa lungun da ko Keke Napep ba ya iya shiga, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Abin ya tsaya mini a rai.

Wannan bambancin tsoho ne. Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sun keɓe wa kansu GRA, suka bar fili tsakaninsu da unguwannin baƙar fata, wai gudun zazzaɓin sauro. Tun daga nan aka raba garin.

A 1967 wani Baturen Ingila mai tsara birane, Max Lock, ya fitar da tsarin gari da zai kai Kaduna har 2017. A 1967 ɗin ce aka raba Arewa zuwa jihohi, yaƙin basasa ya ɓarke. Masaƙun Kakuri sun janyo jama'a, unguwanni suka yi ta tsirowa ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Rikicin addini na 2000 kuma ya mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin mutanen da a da maƙwabta ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya kawo tituna da gadar Kawo, na yaba. Amma wallahi da ni ke rabon kuɗin, kwalbatocin Rigasa zan fara ginawa kafin damina mai zuwa.