Asabar ɗaya a Landan: daga bakin kogi zuwa teburin masu goge

Ƙarfe ɗaya saura na dare. Ƙafafuna zugi suke yi, amma idan na bari sai gari ya waye rabin abin da na gani zai zube, shi ya sa na jawo kwamfuta.

Yau kwanana tara a Landan, ban san ko'ina ba sai hanyar ajin kwas ɗinmu da hanyar gidan Kawu. Jiya da daddare na nuna masa takardar da na jera wuraren da nake son gani, guda goma sha huɗu. Ya karanta har ƙasa, ya ninke ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, wannan aikin wata guda ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Gobe ba ni da aiki, kai dai ka biyo ni." Kawu ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas mai hawa biyu a garin nan, don haka ban yi musu ba.

Ƙarfe tara muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Kilbon, unguwar su Kawu. Da farko a sarari yake tafiya, kana hango bayan gidaje da bututun hayaƙinsu, sai can ya nutse ƙarƙashin ƙasa kunnena ya toshe. Kawu ya ce tun 1863 aka fara wannan sufuri a nan, kuma babu garin da ya riga su a duniya. A matakalar da ke tafiya da kanta na tsaya ta hagu, ya jawo hannuna ya mai da ni dama. Hagu ta masu sauri ce. Kafin in gyara tsayuwa mutum uku sun wuce ni kamar iska.

A Watalu muka fito, muka gangara bakin kogin Tems. Sanyin Nuwamba ya ratsa rigata har ƙashi. Ruwan kogin launin ƙasa ne, kuma ya janye har ana ganin laka da duwatsu a gefe, domin cikowa da janyewar teku na shigowa har tsakiyar gari. A ƙarƙashin gada akwai masu sayar da tsofaffin littattafai a kan dogayen tebura. Gaba kaɗan muka tarar da wata yarinya tana busa saksofon, ta yanke kan yatsun safar hannunta don ta iya danna maɓallan. A gabanta akwai akwatin kayan busar a buɗe, da 'yar na'urar karɓar kuɗi ta kati. Mutane na wucewa ba ko waiwaye, ita kuwa idonta a rufe, tana busa kamar fili ya cika da jama'a. Na tsaya har ta kai ƙarshe. Kawu bai hanzarta ni ba.

Tate Modern tsohuwar tashar wutar lantarki ce da aka rufe a 1981, aka mai da ita gidan zane-zane a 2000. Shiga kyauta ne, kamar yawancin manyan gidajen tarihin garin, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Zanen da ke ciki kuwa, gaskiya kaɗan ne ya shiga raina. Ginin ne ya kama ni, musamman zauren da injinan suke a da, wanda idan ka ɗaga kai sai hularka ta nemi faɗuwa. Daga nan muka hau gadar masu tafiya a ƙasa. Ranar da aka buɗe ta a watan Yuni na 2000 ta riƙa lilo, domin da ta ɗan karkata sai jama'a su daidaita takunsu da ita ba su sani ba, lilon ya ƙaru. Kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2002. Yanzu daram take. A ƙarshenta ga ƙubbar majami'ar Sen Pol, wadda Christopher Wren ya gina bayan gobarar 1666 ta cinye tsohuwar.

A titin Filit, inda manyan jaridu suke a da, Kawu ya ja ni wani siririn lungu ya nuna mini wata baƙar ƙofa da fitila a kanta, an rubuta cewa an sake gina gidan a 1667. Ye Olde Cheshire Cheese sunansa. Mashaya ce. Na ja baya, shi kuwa ya tsaya yana mini bayani a tsanake. Ya ce kalmar da Turawa ke kiran irin wannan wuri da ita, wato pub, gajartawa ce ta gidan jama'a. Tun 1393 sarki Richard na biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofa, kuma da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka riƙa zana hoto: jan zaki, kambin sarauta, farin barewa. Shi ya sa har gobe sunayensu suke haka. Ba mu shiga ba. Amma daga nan na fara lura da allunan, kusan kowace kwana da nata.

Bas mai lamba 15 ya kai mu dandalin Tirafalga, muka taka zuwa Soho. Nan ne na ɗan ji ba daɗi, domin da rana gidajen kiɗa ƙofofi ne kawai a rufe. Ga Ronnie Scott's a titin Frith, gidan jaz da aka kafa a 1959. Ga 100 Club a titin Oksfod, wata 'yar ƙofa tsakanin kantuna da za ka wuce sau goma ba ka gan ta ba, alhali tun 1942 ake kiɗa a ƙarƙashin ƙasa a wurin. A titin Denmak kuwa jita ce rataye a tagogi jere-jere, wani saurayi a ciki yana gwada ɗaya, yana maimaita layi guda. Kawu ya nuna mini inda gidan kiɗa na Astoria yake kafin a rushe shi a 2009 don aikin sabon layin dogo. Wani rahoto da ofishin magajin gari ya fitar a 2015 ya ce cikin shekara takwas garin ya rasa kashi 35 cikin ɗari na ƙananan gidajen kiɗansa. Haya ta yi tsada, kuma idan aka gina sababbin gidajen kwana kusa da tsohon gidan kiɗa, masu shigowa sai su kai ƙarar hayaniya. Abin ya tsaya mini a rai. Da yawa daga mawaƙan da ke cika filin ƙwallo yau, a irin waɗannan ƙananan ɗakuna suka koyi tsayuwa gaban mutane.

Mun yi salla a babban masallacin da ke gefen lambun Rijent, mai ƙubba ruwan zinariya, wanda aka kammala a 1977. A wannan wata lokutan a matse suke, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Muka zauna har magariba, muka koma gida na ɗan miƙe.

Wajen takwas Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofa da rigar sanyinsa a jiki. Ya ce zai raka Dattijo, idan ina so in zo, idan ba na so ba laifi. Dattijo maƙwabcinsa ne na ƙasa, mutumin Ailan, ya kusa tamanin. Ya zo Landan yana saurayi ya yi aikin gini da haƙan rami, kamar dubban 'yan ƙasarsu da suka cika Kilbon bayan yaƙin duniya na biyu. Matarsa ta rasu bara waccan, ya ajiye gogensa a kan kabad ya daina fita. Kawu ne ya yi ta lallashinsa har ya koma wurin abokan kiɗansa. Da yake idonsa ba ya gani sosai da dare, duk Asabar ɗin da Kawu ba ya aiki shi ke kai shi ya dawo da shi.

Na ce, "Kawu, amma a mashaya fa kuka ce suke yi."

Ya ce, "A nan suke yi. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba zan ce maka wurin zamanmu ne ba. Haƙƙin maƙwabci ne ya kai ni. Kai ka duba zuciyarka."

Na daɗe zaune a bakin gado. Na san abin da aka koya mana game da zama inda ake shan giya, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Daga ƙarshe na sa takalmi. Har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta gama tsayawa wuri ɗaya a kan wannan ba.

Warin ne ya fara tarbata, wari mai tsami da ya kama katako da darduma. Hayaƙin taba babu, tun 2007 aka hana sha a cikin irin waɗannan wurare a Ingila. Ba abin da na zata na gani ba. Fitilu a buɗe, tsofaffi biyu na kallon sakamakon ƙwallo, wata mata da karenta kwance ƙarƙashin kujera, wasu na jifan allo da 'yan kibau. Ba mai zuwa teburinka ya tambaye ka, kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so ka biya nan take. Mai kantar na ganin Kawu ta ɗauko kofuna biyu ta zuba lemo da ƙanƙara, ba ta ko tambaya ba. A can wani lungu kuwa akwai wani mutum shi kaɗai, kansa a sunkuye, kofuna uku babu komai a gabansa. Shi ma na gan shi, kuma ban manta da shi ba.

Makaɗan ba su da dandamali, ba lasifika, ba tikiti. Teburi ne a kusurwa, mutum bakwai kewaye da shi: goge biyu, sarewar katako, akodiyan, banjo, wani ɗan bandiri da ake kaɗawa da guntun sanda, sai wata irin algaita da ba a busa ta da baki, zuga-zugi ne a hammata mai ita ke matsawa da gwiwar hannu. Babu takarda a gaban kowa. Da ka suka haddace komai.

Kujerata na dab da Dattijo, har ina ganin farin garin ƙaro da ya taru a ƙarƙashin tsirkiyar gogensa. Yatsunsa sun kumbura a gaɓoɓi, ɗaya ya karkace, na tabbata aikin shebur ne. Da zai ɗauki kofi hannun rawa yake yi. Amma da ya ɗora gogen a ƙarƙashin haɓa rawar ta ɗauke. Ya ja layin farko shi kaɗai a hankali, mai sarewa ta gane, ta shiga, kan ka ce kwabo duk bakwai sun hau. Sukan juya kiɗa ɗaya kamar sau uku, sai wanda ya fara ya ɗaga gira ko ya yi ɗan ƙaramin ihu, su faɗa wani ba tare da sun tsaya ba. Diddigensa na dukan daɓe, ina jin bugun a ƙafar kujerata. A gefensa wata yarinya da ba ta wuce ashirin ba ta kafe yatsunsa da ido, tana bin sa a ɓoye-ɓoye, duk inda ta ɓace sai ta sassauta ta jira ya zagayo. Sau ɗaya ya ɗan karkato mata gogen don ta ga yadda yake murɗa wani wuri. Bai ce mata uffan ba.

Da suka huta ya juyo ya tambaye ni ko na gaji. Ya ce irin wannan zama a mashaya ba tsohon abu ba ne kamar yadda baƙi ke zato. A ƙauyukansu a ɗakin girki ake kiɗa. 'Yan ci-ranin da suka zo Landan a ƙarshen shekarun 1940 ɗakin haya suke kwana, mutum uku ko huɗu, masu gida ba sa yarda da hayaniya, sai suka kwashi gogensu suka kai inda ake barin su su zauna. Da ya faɗi haka sai na ga Kawu ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

Wajen goma da rabi wani ya buga cokali a jikin kofi. Wata tsohuwa da tun zuwanmu ba ta ce komai ba ta rufe ido ta fara waƙa, ba goge ba ganga, da harshensu na Ailan. Wurin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Masu jifan allo suka tsaya da kibau a hannu, mai kanta ta ajiye kofin da take gogewa. Ko kalma ɗaya ban fahimta ba. Muryar ta tsufa, tana karyewa a sama, amma tsigar jikina ta tashi. Dattijo ya ɗora gogen a cinya, ya dafe shi da tafin hannu, yana kallon teburi. Daga baya Kawu ya raɗa mini cewa marigayiya matar Dattijo ce ta saba yin wannan waƙa.

Sha ɗaya saura aka kaɗa ƙararrawa, alamar wanda zai sayi na ƙarshe ya saya. Tun 2005 doka ta ba da damar neman izinin wuce wannan lokaci, amma nan suna nan a kan tsohon tsari. Dattijo ya goge tsirkiya da wani tsohon ƙyalle, ya kwantar da gogen a akwati, ya miƙo mini in riƙe. Bai kai nauyin da na zata ba.

Muka fito babban titin Kilbon, wanda Kawu ya ce a kan tsohuwar hanyar Rumawa yake, shi ya sa ya miƙe sambal. An yi yayyafi, kwalta na sheƙi. Basa-basai na wucewa cike da mutane, wasu yanzu ma za su fita, tunda daren Juma'a da Asabar wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sa tsayawa. Wani direba ya danna wa Kawu ƙaho, ya ɗaga masa hannu. Dattijo na tsakiyarmu, ya riƙe hannun Kawu, yana ta gunguna kiɗan ƙarshe ciki-ciki. A bakin ƙofarsa ya karɓi akwatin, ya tambayi yaushe zan tafi. Na ce saura kwana goma sha biyu. Ya ƙirga da yatsu, ya ce ashe akwai sauran Asabar ɗaya.

Ban ba shi amsa ba. Rigata na rataye a bayan ƙofa, har yanzu da warin wurin a jikinta, gobe zan wanke ta. Takardata kuwa na duba, wurare uku kawai muka taka cikin goma sha huɗun. Kawu zai fita aiki ƙarfe biyar na asuba, ina jin sa yana zuba ruwa a buta.