Gori na cinye alheri

Ƙannena mata, musamman ku da ake shirin kai ku ɗaki, za ku sha jin cewa so sadaukarwa ne. Gaskiya ne. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, bayarwar ba ita ce mai wuya ba, riƙe baki bayan an bayar shi ne aikin.

A 2016, da gobara ta ci kasuwar Sabon Gari a Kano, shagon maigidana na cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus. Ban yi shawara da kowa ba, na kwance sarƙar gwal da 'yan kunnen da Inna ta saya mini lokacin biki, na kai aka auna, na haɗa da kuɗin adashina na damƙa masa. Ya riƙe kuɗin, hannunsa na rawa, ya kasa cewa komai sai "Allah Ya saka." Har ga Allah, a ranar da zuciya ɗaya na yi.

Sai kasuwa ta fara dawowa, ni kuma na fara lissafi. Kuɗin cefane ya yi kaɗan, in ce, "Lokacin da na sayar da gwal ɗina ai ban ce ya yi yawa ba." Ya yi wa ƙanwarsa ɗinkin Sallah, in tuna masa. Har a gaban Hajiyarsa na taɓa faɗa, ina dariya kamar wasa. Wata rana bayan Isha'i ya ajiye ambulan a kan madubi ya ce, "Ga kuɗinki nan cif. Don Allah ki bar ni in huta." An biya ni, amma na daɗe ban sake ganin sakin fuskar nan tasa ba. Kuma daga baya na gano bashi ya ci ya biya ni.

Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Na haddace ta tun ina Islamiyya, ban taɓa kawo ta cikin ɗakina ba. Nana Khadija ta zuba dukiyarta a kan Manzon Allah (SAW), kuma shi ne ya riƙa ambaton alherinta bayan rasuwarta, yana yanka akuya yana aika wa ƙawayenta nama. Wanda aka yi wa shi ya kamata ya faɗa.

Kada ku ɗauka ina cewa ku tattara komai ku miƙa. Dukiyar mace tata ce, sadakinta ma nata ne, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Saboda haka kafin ki miƙa, ki tambayi kanki: kyauta ce ko rance? Idan rance ne, ki faɗa ƙarara, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan rubuta bashi ta sauka, babu abin kunya. Idan kuma kin san zuciyarki ba za ta iya mantawa da sarƙar ba, ki ba da rabin abin da kika yi niyya.

Saurayin da bai turo magabatansa ba kuwa, wannan ba ya cikin maganar. Kada ki sayar masa da ko zobe.