Ranar da na sa hannu a takardar keɓe kai

15 ga Agusta, da dare.

Jiya na cika kwana 33 na shirin da na fara ran 13 ga Yuli, yau kuma, ranar idin ɗaukar Maryamu zuwa sama, mu tara daga Zumuntar Mata muka durƙusa bayan Misa, muka karanta addu'ar keɓe kai ga Yesu ta hannun mahaifiyarsa, kowace ta sa hannu a takardarta. Ruwa ya yi ta dukan kwanon coci har da ƙyar muke jin muryar juna.

Tsarin na Waliyyi Louis de Montfort ne, wani Fada ɗan Faransa da ya rasu a 1716, wanda sai a 1842 aka tsinci rubutunsa a kan wannan ibada. Kalmar bauta, wato zama bawa, da ya yi amfani da ita ba ta taɓa tayar mini da hankali ba, domin a wurinmu kowace mace baiwar Allah ce, ita ma Maryamu haka ta kira kanta a gaban mala'ika. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne layin addu'ar da mutum yake miƙa wa Maryamu ladan dukan ayyukansa nagari, na jiya da na yau da na gobe, ta raba shi yadda ta ga dama. Shekara huɗu ke nan duk carbin da na ja domin Inna nake jansa, Allah ya ji ƙanta, sai na ga kamar zan kwashe rabonta in ba baƙi.

Kafin Misa na tare Fada a bakin ƙofa, na ce, "Fada, a gafarce ni, in na ba da duka, me zai rage wa mahaifiyata?" Ya tambaye ni ko na taɓa kai wa Inna albashina sannan ta bar ƙannena da yunwa. Ya kuma tuna mini da Yohanna 19:27, inda Yesu yana kan gicciye ya ce wa almajirinsa game da Maryamu, "Ga mahaifiyarka," da Paparoma John Paul na biyu, wanda ya yi rashin uwa a 1929 yana ɗan shekara takwas, daga baya ya ɗauki faɗa wa Maryamu "ni naki ne ɗungum" ya zama takensa.

Duk da haka muryata ta sarƙe a kan layin, sai da na maimaita shi. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki na Inna, gefenta ya ɗan jiƙe a hanya.