Nescafé kafin makaranta

Da safen nan a teburin mai shayin bakin layinmu wani bawan Allah ya zo da yaronsa cikin yunifom, bai fi shekara 6 ba, ya ce a zuba masa Nescafé wai kar ya yi gyangyaɗi a aji. Yaron ya rungumi kofi da hannu bibbiyu yana hurawa, ya kurɓa ya yamutsa fuska, sai da aka ƙara masa siga sannan ya shanye tas. Na buɗe baki zan yi magana na fasa, ɗan wani ne.

Mu da muna yara ko goro ka gutsira a gaban Kaka sai ka sha ranƙwashi, ai na manya ne, alhali sinadarin kafeyin ɗin goro shi ne dai a Nescafé. Hukumar lafiya ta Kanada ta ce kar yaro ya wuce miligiram 2.5 a rana kan kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 20 miligiram 50 ke nan, kofi ɗaya ma zai iya haura haka, kuma abin sai ya yi awoyi a jiki. Ni dai a ganina barcin dare ne bai ishi yaron nan ba.