Wata Huɗu da Tankin Wanke Faifai: Inda Aikin Ya Kai

'Yan uwa masu koyon gyara da adana faifan garmaho, assalamu alaikum. Yau wata huɗu ke nan da na fara wanke fayafan da mahaifinmu ya bari, waɗanda suka shafe fiye da shekara talatin a cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya. Da na ƙirga su a watan Disamba na samu 214, galibinsu manya ne masu faɗin santimita 30 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, kuma da yawa suna ɗauke da tambarin kamfanin EMI ko Decca. Zuwa daren jiya na kammala 96. Na yi tsammanin zan gama duka kafin hunturu ya wuce, amma batun ruwan wanki da zafi sun hana ni gaggawa.

Ga wanda bai taɓa ganin na'urar ba, tanki ne na bakin ƙarfe mai cin lita 6, irin wanda masu gyaran agogo da masu sayar da gwal suke wanke kayansu a ciki. A ƙarƙashinsa an manna wasu na'urori uku, kowacce mai ƙarfin wat 60, waɗanda suke girgiza ruwan sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kilohaz 40. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen kilohaz 20, shi ya sa ake kiran na'urar altirasonik, wato mai sautin da ya wuce jin kunne, duk da cewa tankin da kansa yana wata ƙara mai shiga haƙori wadda ta sa aka kore ni daga falo zuwa baranda tun ranar farko. Girgizar tana haifar da ƙananan ƙwayoyin kumfa da ido ba ya gani, suna tasowa suna fashewa nan take, kuma ƙarfin fashewarsu shi ne yake ɓamɓare dattin da ya maƙale a cikin tsagar faifai, wato siririn layin da allura take bi, inda burushi ba ya kaiwa. A saman tankin akwai ƙaramin inji mai juya sandar da ake zura fayafai, ta yadda gefensu na ƙasa yake cikin ruwa, takardar tsakiya kuma tana sama a bushe. Akwai injuna da aka ƙera musamman domin faifai, kamar Degritter na ƙasar Istoniya mai aiki da kilohaz 120, wanda kumfarsa ta fi ƙanƙanta, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba.

Kafin ku sa faifai ko ɗaya, ku gwada tankin da takardar alminiyam ta naɗe abinci. Na rataya yanki ɗaya a tsaye cikin ruwan na minti ɗaya, da na ɗago shi sai na ga ya yi huji-huji kamar wanda gara ta ci, amma hujin ya fi yawa a tsakiya, kusurwoyi kuwa kusan lafiya lau. Daga nan na san inda ƙarfin tankina yake. Haka kuma duk lokacin da aka zuba sabon ruwa, wajibi ne a kunna na'urar ita kaɗai na kamar minti goma sha biyar domin iskar da ke narke a cikin ruwan ta fita, saboda wannan iska tana rage ƙarfin kumfar.

Batun ruwa shi ne ya cinye mini makonni uku na farko. Na fara da ruwan leda, ina ganin tun da ana shan sa ai ya isa tsabta. Faifan ya fito yana ƙyalli, amma da ya bushe sai na ga wasu fararen tabo a jikinsa idan na karkata shi ga hasken taga, da na ɗora allura kuma sai ƙarar ƙaras-ƙaras ta fi yadda take kafin wanki. Dalili shi ne ruwan sha yana ɗauke da ma'adinai, idan ruwan ya bushe su ba sa tafiya, suna zama ne a gindin tsagar, daidai inda allura take bi. Ruwan burtsatse na unguwarmu ya fi wannan muni. Abin da ake buƙata shi ne tataccen ruwa wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ko wanda aka cire wa ma'adinai. Wani ya ba ni shawarar in sayi ruwan batir a wurin masu cajin batir, sai dai a nan akwai haɗari, domin da wannan suna ɗaya ake kiran ruwan da aka gauraya da asid, kuma ko wanda aka ce tatacce ne ba kullum yake haka ba. Na sayi ƙaramin ma'auni mai kama da biro wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Galan biyu na farko na mayar da su, na uku da na samo a shagon masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje shi ne ya nuna kusan sifili, kuma tun daga lokacin ba na zuba ruwa a tanki sai na auna shi, ko da daga wurin mutumin da na saba da shi ya fito.

Tataccen ruwa shi kaɗai yana dunƙulewa a kan robar faifai kamar raɓa a kan ganyen gwaza, ba ya son shiga matsattsen wuri. Saboda haka ake ɗiga masa wani sinadari mai sa shi ya baje. Babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana ba da shawarar Tergitol, mililita 2 a cikin lita 4 na ruwa, domin wanke faifai da hannu. A cikin tanki wannan ya yi yawa a ganina, domin na gwada, faifan ya fito da santsi kuma allura ta riƙa tara wani farin abu a bakinta. Yanzu mililita ɗaya nake aunawa da sirinji in zuba a lita 6, sannan bayan wanki in ɗauraye kowane faifai da tataccen ruwa zalla daga kwalbar feshi. Sabulun wanke kwanuka kuwa na bar shi a kicin, saboda turare da launin da ke cikinsa.

Sandar tana ɗaukar faifai shida, kuma mai sayarwa da wannan yake talla. Na yi shida sau biyu, na lura cewa na tsakiya ba sa fita kamar na gefe. Na koma uku, da tazarar kamar santimita 3 tsakaninsu, minti goma sha biyu, sandar tana juyawa a hankali kusan sau ɗaya a minti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a tsakiyar Maris, lokacin da zafin bazara ya kama. Tankin yana da abin ɗumama ruwa wanda ban taɓa kunnawa ba, sai dai ban yi la'akari da cewa girgizar kanta tana ɗumama ruwa ba. A hunturu wannan bai dame ni ba, domin ruwan yakan fara da sanyinsa. Ranar nan an kawo wuta da azahar bayan kwana biyu babu, sai kwaɗayin in ci moriyarta ya sa na yi zagaye huɗu a jere ba hutawa. A zagaye na huɗu na hango faifan gefe yana rausaya a kan sanda kamar tayar keken da ta karkace. Na kashe na'urar, na tsoma ma'aunin zafi, ya nuna digiri 43. Robar faifai tana laushi idan ta ɗumama, ga shi rabin faifan yana cikin ruwa mai ɗumi rabi yana cikin iska. Na cire shi da hannu biyu, na tsayar da shi a inuwa ba tare da na matsa shi ba, cikin ikon Allah ya koma kusan daidai da ya huce, amma har yanzu hannun garmaho yana ɗan hawa da sauka a waƙar farko. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka cewa idan ruwa ya kai digiri 33 zan tsaya, kuma ba na wanki sai bayan sallar asuba. Idan dole ta kama, nakan sa ƙanƙara a cikin leda mai ƙulli in tsoma a tanki tsakanin zagaye, ba na jefa ta tsirara, don kada ruwanta ya gurɓata wanda na sha wahalar samu.

Shanya ma tana da nata sharaɗi. A watan Janairu na jera fayafai jiƙaƙƙu a baranda a kan abin jera faranti, kafin su bushe ƙurar hunturu ta sake rufe su, aikin safiya guda ya tafi a banza. Yanzu a ɗaki nake shanya su, taga a rufe, fanka a mafi ƙarancin gudu. Kuma faifan da aka wanke ba ya komawa tsohuwar rigarsa ta takarda, wadda galibi ta ruɓe tana zubar da gari ko ta kama fumfuna. Sabuwar riga ta leda mai laushi nake sa masa, tsohon kwalin kuma in goge shi in ajiye, saboda hotuna da rubutun da ke jikinsa.

Wanda ya ga gindin tankin bayan faifai tara zai gane abin da ake fama da shi: wani jan laka ne mai laushi yake kwanciya, irin wanda ake samu a gindin randa. To amma a nan ne nake so masu shirin sayen na'urar su saurare ni da kyau. Cikin 96 da na wanke, kusan kashi biyu bisa uku sun canza sosai. Akwai wani faifan kiɗan kalangu da a da ba a jin komai a cikinsa sai ƙara kamar ana suya, bayan wanki biyu har amon 'yan amshi na baya ya fito, mahaifiyarmu da ke wucewa ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi shekarar da aka sayo shi. Sauran kuwa sun fito tas a ido, amma muryar tana nan a shaƙe, musamman inda mawaƙi ya ɗaga murya da kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiya. Wannan ba datti ba ne, bangon tsagar ne ya cinye saboda an daɗe ana bin sa da dakusasshiyar allura, kuma na tuna mahaifinmu yakan ɗora kwabo a kan hannun garmaho idan allura tana tsalle. Abin da allura ta kankare ba ya dawowa da wanki. Na ɓata ruwa da lokaci ina maimaita wa wani faifai wanki har sau huɗu kafin in yarda da haka. Yadda nake bambancewa yanzu shi ne, ƙarar datti tana warwatse ne kuma tana raguwa bayan wankin farko, ta karce tana dawowa a wuri ɗaya duk juyi, ta cinyewa kuwa tana bin ƙarfin sautin, tana tashi idan kiɗa ya tashi.

Akwai guda goma sha ɗaya da na ware gefe, masu nauyi da tauri, masu juyawa sau 78 a minti. Waɗannan ba roba ba ne, da shelak aka yi su, wani ƙaro da ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, kuma irin su aka sani kafin kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948. Suna fashewa kamar tangaran, sifirit, wato alkohol, kuma yana narkar da su, don haka masu ɗiga alkohol a tanki su kiyaye ƙwarai. Ni ba zan sa su a tankin ba ko kaɗan, da hannu zan bi su. Abin da ke gabana a wannan mako shi ne ƙananan fayafai 23 masu juyi 45, waɗanda ba sa kaiwa ruwa idan sandar tana inda take, wasunsu kuma hujin tsakiyarsu ya fi sandar faɗi. Na kai wa wani maƙeri awo domin ya yanko mini zobban roba da za su cike hujin, ya ce in koma ranar Alhamis.